Gawon da Kawu Ya Hana Sara

Daga wurin Allah muka fito, Kawu kuwa ya riga mu komawa. Yayan mahaifiyata ne. Ya rasu bayan kaka, a garinmu da ke cikin kwarin Majiya kusa da Tama, kuma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Na yi zaman makoki a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, ina sauraron abin da kowa ke faɗa a kansa, raina yana ɓaci.

Tsohon abokinsa na aikin soja da ya zo daga Madawa dubiya tun Kawu na kwance, yana dogara sanda, ya ce an rasa namiji, ya sake ba mu labarin yadda Kawu ya koyi tuƙin mota a hannun Nasara tun yaƙin farko, labarin da muka ji har muka haddace. Maƙerin gari ya yi addu'a ya shafa, sannan ya karkato wajena ya ce, "Allah shi gafarta mishi, amma ya sa ni tahiya nesa neman gawayi." Wani Bafillace da ke sauko da shanunsa gonar Kawu kowane rani ya tsuguna can gefe, ya yi ta hawaye har ya tashi ya tafi. Maƙwabtan gona kuwa, da zarar sun ce Allah ya ba da haƙuri, sai su rage murya su yi tambaya ɗaya: yanzu da tsohon ya kau, yaushe za a share gonar nan?

Wannan tambaya ce ta sa nake rubutun nan. Idan na yi shiru, nan gaba kaɗan abin da za a riƙa tunawa shi ne wani tsoho da mota ta taɓa wa kai, ya bar gonarsa ta koma daji. Gonar yanzu tana hannun babban ɗansa, taubashina, wanda tun ubansa na da rai yake wasa gatari saboda itatuwan da ke cikinta. Ina son taubashina, tare muka tashi, amma tsoro nake ji.

Kawu mutum ne da ba ya zama. A tsaye yake shan fura. Kafin liman ya gama addu'ar bayan salla, shi ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga takalmi. Ko hira ake yi a inuwa, ba a shirya zuwa ko'ina ba, sai ka ji ya buga cinya ya ce, "To, mu tahi." In aka tambaye shi ina, sai ya ce a tashi tukuna, a kan hanya za a sani. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, takan ce ta auri baƙo ne, tana jiran ranar da maigidan zai iso.

Da yaƙin Nasara na biyu ya yi zafi, aka riƙa ɗibar mazaje aikin hanya na tilas. Sunana ya fito a lokacin da matata ke da tsohon ciki. Kawu yana tuƙa wa kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, babbar motar kaya a lokacin, sai ya je ya sami gardi, wato dogarin Nasara da ke tara mutane, a gabana, ya nuna ni da leɓe.

"Wanga ɗan ƙanwata na," in ji shi. "Ragon da ya hi shi ba a haihe shi ba cikin Adar. In kun kai shi hanya, abinci ɗai za shi ci muku. Ku ba ni shi, shi hura min wuta."

Na ji haushin maganar har cikin ƙashina, amma ita ta sa na ga ranar sunan ɗiyata. Bai taɓa tuna mini ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya yadda ya kamata ba, don da na fara zai ce mu tafi.

Wutar da zan hura ta motar ce. Yaƙi ya hana man mota isowa, sai aka liƙa wa motocin wata doguwar tukunyar ƙarfe a bayan mazaunin direba. A cika ta da gawayi, a kunna, hayaƙin ya tura mota. Ban taɓa ganin abu mai ci kamarta ba. Kowane ƙauye a kan hanyar Madawa zuwa Buza, zuwa Keita, har Tawa, an ɗora masa tara buhunan gawayi a bakin hanya. Inda bai isa ba mu sauka da gatari, mu faskara busasshe, ɗanye kuwa mu kayar mu bar wa mutanen wurin su ƙona kafin mu dawo. Kawu ya fi kowa iya sara, kuma yana alfahari da hakan. Ya daina ganin itace a matsayin itace. Zai hango ƙirya daga nesa ya ce, "Wagga ta kai mu Buza." Ya ga marke ya ce wannan ko tudu ɗaya ba zai hau da mu ba. Ni kuwa in yi dariya in ɗauko igiya.

Akwai kuma duwatsu. Hanyoyinmu duk ƙoramu ne masu yashi, mota ta shiga ta nutse. Saboda haka kullum muna ɗauke da faffaɗan duwatsu irin na tudun Keita, masu fasuwa falle-falle, mu shimfiɗa su ƙarƙashin ƙafafun mota har ta fita, sannan mu kwashe abinmu. Kawu da kansa yake zaɓarsu, yana ƙwanƙwasawa ya ji wanda ba shi da tsagi.

Wata shekara da rani aka ce mu kai wani Nasara da kayansa can yamma, hayin kogin Kwara, wani daji da gwamnati ta keɓe ta hana farauta da sara. Ban taɓa tafiya mai nisan wannan ba. Muka bi ta Ƙonni da Doso, aka fitar da motar a jirgin ruwa ina salati, muka ci gaba kudu har hanya ta koma sawu biyu cikin ciyawa. A bakin dajin wani gardin daji, baƙin mutum mai jin Hausa sama-sama, ya tsayar da mu, ya leƙa bayan mota, ya zare gatarin Kawu.

"Nan ba a sara," in ji shi.

"To motag ga mi za ta ci? Ciyawa?"

Gardin ya ce abin da muka ɗauko shi za ta ci. Ta kuwa cinye shi tas muna tsakiyar daji, ta tsaya cak a bakin wani rafi. Aka tura mutane da ƙafa su koma wajen iyaka neman gawayi, Nasara ya kafa tantinsa yana ta leƙe-leƙe da madubin hangen nesa, mu kuma aka bar mu da jira. Kawu ya kusa haukacewa. Ga itace ko'ina, ƙirya mai kaurin rumbu, maɗaci, tsamiya, busassun da suka faɗi da kansu suna ruɓewa, kuma ba shi da ikon taɓa ko ɗaya. Ya zagaya motar, ya zagi yaƙi, ya zagi wanda ya ƙera tukunyar, ya zage ni don ina barci.

Wata safiya na duba ban gan shi ba. Na same shi a bakin rafin, zaune. Na tsorata, na ɗauka ciwo ne ya kama shi. Ya yafuto ni, ya tona ƙasa da babban yatsan ƙafarsa. Baƙa ce, mai laushi, da danshi a tsakiyar rani, ganye a kan ganye. Ya nuna ruwan, ana ganin tsakuwar ƙasansa.

"Ka san inda nit taɓa ganin irin wanga?" ya ce. "Majiya. Haka Majiya take sa'ad da nike yaro. Uwaka ba ta iya zuwa ɗibar ruwa ita ɗai, don duhun icce."

Muna nan zaune sai ga giwaye a ɗaya hayin, suna tafe ba sauri, suna karya rassa suna ci. Kawu ya kalle su ya kalle su, sannan ya tuntsire da dariya ya ce su dai gardi bai karɓe musu gatari ba.

Kada a ce dajin ya sace masa zuciya gaba ɗaya, domin akwai abin da ya gani ya ɓata masa rai. Da la'asar gardin ya zagaya da mu har wani fili mai kukoki, ga duwatsun niƙa a kife, ga fasassun tukwane. Kufai ne. Ya ce garin uwarsa ne, an tashe su lokacin da aka keɓe dajin, kuma yanzu aikinsa ne ya kama duk wanda ya dawo ko zuma ya ɗiba. Kawu ya ɗauki ɗan dutsen niƙa ya juya shi a hannu, ya mayar inda yake.

"Su ga inuwa babu mai zama," in ji shi. "Mu ga masu zama, ni kau na ƙone inuwar. Wanga ba dabara ta ba, dud biyun."

Dawowarmu ita ce tafiya mafi muni da na taɓa yi da shi. Tun daga Ƙonni ya fara gane kututture. Yana ta cewa wannan ni ne, wancan ma ni ne, ka tuna tsamiyar da muka ci abinci a ƙarƙashinta sannan muka kayar? Da muka hau tudun da ke kallon kwarinmu ya tsayar da mota, abin da ba ya yi don tayar da ita wahala ce. Muka leƙa ƙasa. Na sha ganin wurin, amma ranar ce na gan shi da gaske: jan fili, ƙoramu sun tsattsaga shi, itace jefi-jefi. Na ji kunya, na kuma ji tsoro. Ya ci gaba da tuƙi har yaƙi ya ƙare don ba shi da ikon bari, amma daga ranar ni nake sara, shi yana juya baya.

A wurinmu mutuncin manomi yana ga sassabe. Kafin ruwa ya sauka kowa ya sare duk wani toho da ya fito a gonarsa, ya tara ya ƙone, gona ta zama fes. Wanda aka ga saura a gonarsa rago ne, kuma ana tunawa da hakan ranar da ɗansa ya je neman aure. Da Kawu ya ajiye mota ya dawo gida, sai ya hana a yi sassabe a gonarsa. Ya bi tsofaffin kututture ɗaya bayan ɗaya, na gawo da kalgo da magarya, ya zaɓi reshe mafi ƙarfi a kowanne ya bari, ya rage sauran da ƴar wuƙa. Mutumin da ba ya iya zama ya sha fura ya koma yana wuni a durƙushe gaban tsiro.

Gari ya yi caa. Babban ɗansa shi ya fi shan wuyar abin, don shi ke noman gonar, shi ake yi wa dariya a kasuwar Tama. Na ga ranar da suka yi faɗa a bakin gona.

"Baba, tsuntsaye za su cinye hatsin. Mutane suna cewa gidanmu babu namiji."

"Mutanen nan su za su ba ka ƙasa ran da ƙorama tat tahi da wagga?"

"To ni na bar maka gonar."

"Bar ta. Amma in ka sari ko guda, ban yahe ba."

Wata guda ba su ci tuwo tare ba. Ba zan ce Kawu ya kyauta a wannan kalmar ba, ta yi nauyi, kuma taubashina ya ɗauke ta a ka har yau. Gero kuwa a ƙarƙashin gawon ya fi na fili kyau, kowa ya gani, amma ba wanda ya yarda ya faɗa.

Inna ta fi kowa shan wahala, ta kuma fi kowa faɗa. Ga itace tsaye a gonar mijinta, ita kuwa da kara da kashin shanu take dafa tuwo, idanunta kullum ja. Duk ranar da tuwon ya yi ƙauri sai ta dire masa ƙwarya ta ce ya kai wa ƴaƴansa na gona su ci. Shi kuma ya cinye tas ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba.

Duwatsun motar kuwa ya taho da su gida, ya jingine a bayan rumbu, ya riƙa hawa tudu da jaki yana ƙaro wasu. Bai ɓoye dalilin ba. A nan idan an sa mamaci a ƙaramin ramin kabari, ɗanyen itace ake sarowa mai kaurin dantse a jera a kai kafin a tura ƙasa, kuma a gonar mamacin ake sara. Itatuwan Kawu sun kai daidai wannan kaurin. Ya ce da ni da Inna, ya kuma faɗa wa liman, shi da dutse za a rufe shi, don ya san in gatari ya shiga gonar da sunan kabari ba zai fita ba sai ya gama. Inna ta ce ya daina kira wa kansa mutuwa.

A ranin da ya wuce matar Bafillacen nan ta rasu a rugarsu da ke gefen gonar. Baƙi ne, ba su da gonar da za su sara. Mutumin ya zo ya roƙi ƴan sanduna. Kawu ya hana shi itace, ya kama hannunsa ya kai shi bayan rumbu, ya zaɓo masa mafi kyau cikin duwatsun, ya ɗauki ɗaya a kansa har maƙabarta. Ya ce zai hau tudu ya mayar da gurbinsu bayan damina. Kafin nan ƙafafunsa suka ƙi.

Kawu ya cika da hantsi. Masu haƙa kabari suka tafi, ana wanka, sai na ga taubashina ya fito daga ɗakinsa da gatari a kafaɗa. Na tare shi a zaure.

"Ina za ka da wanga?"

"Kauce min, ɗan gwaggo. Yau ba ranar wasa ta ba."

"Ka san abin da yac ce."

"Na sani. Ubana na. Kana so a ce ɗiyanai sun danne shi da duwatsu kamar wanda ba shi da kowa? Da rai an yi mishi dariya, da mutuwa ma a yi?"

Idanunsa sun kumbura, kuma na san ba son sara ne kawai ke tura shi ba. Liman ya ce addini ya yarda da dutse, ya yarda da itace, abin da bai yarda da shi ba shi ne a bar gawa tana jira. Dattawa suka fara cewa a bar yaro ya yi wa ubansa abin da aka saba. Sai muka ji muryar Inna daga bayan zana, ita da bai kamata a ji ta ba a ranar.

"Shekara nawa ina dahwa mishi tuwo da kashin shanu, icce na tsaye gonatai? Idona ya mutu da hayaƙi saboda itatuwan nan. Yau da yak kwanta za ku sara mishi? Ni ban ƙona ba, shi ma ba shi samu. Ku ɗauki duwatsunai ku tahi."

Na wuce bayan rumbu na ɗauki na farko, tsohon sojan nan da ba ya tafiya sai da sanda ya ce a ɗora masa ƙarami, sauran suka biyo. Taubashina bai ɗauki dutse ba, bai kuma ajiye gatarin ba. Hanyar maƙabarta ta gefen gonar take bi, gawon ya yi ganye shar kamar yadda yake yi in komai ya bushe, ni kuwa ina tafe ina satar kallon kafaɗarsa.

Shi ya shiga ramin ya karɓi ubansa. Aka riƙa miƙa masa duwatsun yana jerawa daga wajen kai, suna zama daram. Da aka zo ƙafafu sai suka ƙare. Saura tazarar tafin hannu, ana hango farin likkafani. Na tuna da waɗanda aka rufe matar Bafillace da su. Wani daga baya ya ce ai ga gona nan kusa, reshe ɗaya ne kawai.

Taubashina ya fito daga ramin ya ɗauki gatarin. Ya tsaya yana kallon gonar, mu kuma muna kallonsa. Sai ya juya gatarin, ya buga ƙeyar ƙotar a ƙasa da ƙarfi har ƙarfen ya zame ya faɗi. Ya koma ciki, ya gitta ƙotar a kan tazarar, ya ce a miƙo laka. Ita ce kaɗai itacen da ya shiga kabarin Kawu.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya yafe masa itacen da ya ƙona da kalmar da ya yi wa ɗansa, ya zaunar da shi a inuwar da ba a sara, in dai zai yarda ya zauna.

Yanzu bazara ta kama. Maƙwabta sun fara sassabe, hayaƙi na tashi ta kowace kusurwa, gonar Kawu ce kaɗai ba a taɓa ba. Ƙarfen gatarin yana nan a kan katangar zaure inda taubashina ya ajiye shi ranar jana'iza, kuma na san sa masa sabuwar ƙota aikin wuni ɗaya ne. Kullum sai na ƙirƙiro dalilin bi ta ƙofar gidan don in leƙa. Jiya ya kama ni ina leƙe, na rasa abin yi, sai na koma wasanmu na taubasai, na ce ragon gida, har yanzu ba ka gyara gatarinka ba, ga ruwa na shirin sauka?

Bai yi dariya ba. Ya dubi ƙarfen, ya dubi wajen gona.

"Ƙota ai icce ta," in ji shi. "Ina kaka so in saro ta?"